Yadda Ake Bin Diddigin Ƙaramar Hukuma a Ingila Kan Gandun Shaƙatawa

Tun da na ba da labarin yadda muka kwashe da ƙaramar hukumarmu a kan banɗakin da aka rufe a gandun da muke zuwa yawon Sallah, 'yan uwa mazauna Ingila suke ta yi mini tambaya ɗaya: ta ina ake farawa? Wani an ninka musu kuɗin ajiye mota. Wata ta je da yara ta tarar an sare bishiyoyin bakin tafki. Wani kuma ƙishin-ƙishin ya ji cewa za a yanki gefen filin a sayar wa masu gina gidaje. Na gaji da maimaita bayani a waya, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda suke bin juna.

Gandun da nake nufi shi ne babban filin nan na bayan gari, mai daji da tafki da hanyoyin ƙafa, wanda shigarsa kyauta ce amma mota sai an biya mata. Tsarin Ingila zan kawo. Sukotlan da Wales suna da nasu ofisoshin, wasu dokokin ma sun bambanta. Abu ɗaya kuma a riƙe tun yanzu: doka ba ta wajabta wa ƙaramar hukuma kula da wuraren shaƙatawa ba, kamar yadda ta wajabta mata kwashe shara da kula da tsofaffi da yara marasa galihu. In kuɗi ya yi ƙaranci, gandu ake fara taɓawa. Don haka tsayawa a gaban ma'aikacin gandu kana ɗaga murya ɓata lokaci ne, shi ma aiko shi aka yi. Takarda ce take motsa su.

Kayan aikin ba su da yawa: adireshin imel, waya mai kyamara, kalanda, da jaka ɗaya a kwamfuta da za ka riƙa zuba duk wata takarda. Kusan komai kyauta ne, inda ake biya zan faɗa.

1. Gano mai gandun

Nan mutane suka fi yin tuntuɓe. A wurare da yawa hukumomi hawa-hawa ne: ta lardi, ta gunduma, da ƙaramar majalisar gari ko ƙauye. Wanda kake biya wa harajin gida ba lallai shi ne mai gandun ba. Dubi Lickey Hills: yawancinsa a lardin Worcestershire yake, amma hukumar birnin Birmingham ce take riƙe da shi. Bradgate Park kuwa, kusa da Leicester, gidauniya ce take tafiyar da shi.

Fara da allon bakin ƙofa da tikitin ajiye mota, yawanci akwai tambarin mai wurin. In kana shakka, shiga shafin ofishin rajistar filaye na gwamnati ka sayi takardar mallakar filin, fam 7 ne.

Gargaɗi: a bambance mai fili da mai gudanarwa. Hukuma takan riƙe filin ta miƙa gudanarwa ga kamfani ko gidauniya, kamar yadda Newcastle ta miƙa wuraren shaƙatawarta ga wata gidauniya a 2019. Dokar neman bayanai galibi ba ta hawa kan gidauniya mai zaman kanta. In haka ne, hukumar za ka tambaya, ka nemi yarjejeniyar da ta ƙulla da su da rahotannin da suke aiko mata.

2. Tara hujja kafin ka ce uffan

Gani ya kori ji. Ɗauki hoto mai kwanan wata duk lokacin da ka je. Mu sanarwar da aka liƙa a ƙofar banɗaki muka riƙa ɗauka, wadda ta ce an rufe na ɗan lokaci. Hoton farko takardar fara ce sol. Na ƙarshe rana ta cinye rubutun, salatif ɗin ya ɗaɗɗago, gizo-gizo ya yi saƙa a jikin kwaɗon. Hotunan nan biyu da muka jera gefe da gefe sun fi duk wasiƙun da na rubuta aiki.

Ƙananan abubuwa irin su karyayyen benci ko tulin shara, a kai rahotonsu ta shafin hukumar ko ta FixMyStreet, shafin intanet na kai irin wannan rahoto, a adana lambar da suka bayar. Ita za ta nuna daga baya cewa an sanar da su, ran kaza.

3. Karanta abin da suka riga suka wallafa

Kada ka yi gaggawar tambaya, rabin abin da kake nema yana shafinsu. Ƙa'idar bayyana gaskiya ta 2015 ta tilasta wa manyan ƙananan hukumomi su riƙa wallafa duk kuɗin da suka kashe da ya haura fam 500, duk wata uku, da kwangilolin da suka haura fam 5,000, da jerin filaye da gine-ginen da suka mallaka. Sauke jadawalin kashe kuɗin, ka sa sunan gandun a wurin bincike. Za ka ga sunan ɗan kwangila, da ranar biya, da adadin.

Sai ɓangaren tarurruka. Ajanda da rahotannin da za a tattauna dole su fito cikakkun kwanaki 5 na aiki kafin zama. Manyan shawarwari kuwa, irin masu cin kuɗi da yawa, ana sanar da su kwanaki 28 kafin a yanke, a cikin wani jadawali na abubuwan da ke tafe. Duba shi sau ɗaya a wata. Wanda bai duba ba, sai an gama ya zo yana ihu bayan hari.

Nemi kundin tsarin kula da gandun ma. In wurin yana da tutar yabo ta Green Flag, akwai wannan kundi, domin sai da shi ake neman tutar. A ciki suke rubuta alkawuransu da hannunsu. Natural England kuma, hukumar gwamnati mai kula da muhalli, tana da sharuɗɗan amincewa da irin wannan gandu: kada ya gaza hekta 10, shiga kyauta, a riƙa ganin ma'aikata, kuma a sami banɗaki a ciki ko a tafiyar minti 2. Ba kowane gandu ne ya nemi amincewar ba, amma in naku ya nema, ka sami sandar duka.

Akwai wata takarda da ba kowa ya san da ita ba. Masu gina rukunin gidaje sukan biya hukuma kuɗi a ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990, don gyara abubuwan unguwa, har da wuraren shaƙatawa. Kowace shekara hukuma tana wallafa abin da ta karɓa, da abin da ta kashe, da abin da ke ajiye. A nan muka ga akwai kuɗin da aka ware wa gandunmu ba a taɓa ba, alhali ana ce mana babu ko sisi.

4. Rubuta wa kansila

Sa lambar unguwarka a shafin intanet na WriteToThem, zai fito maka da kansilolinka. Wasiƙar kada ta wuce rabin shafi: ga abin da na gani, ga hoto, ga tambayata guda ɗaya, ina roƙon amsa a rubuce. Aika kwafi ga kansilan da aka ɗora wa sashen muhalli ko wuraren shaƙatawa. Yawancinsu suna da ranar ganin jama'a a ɗakin karatu ko zauren unguwa. Ka je, ganin ido yana da nasa tasiri.

Gargaɗi: kada ka zargi kowa da cin kuɗi, ko a wasiƙa ko a Facebook, sai da hujja a hannu. Dokar ɓata suna a ƙasar nan ba ta wasa. In kana zargin wani kansila yana da hannu a kamfanin da aka ba kwangila, akwai rajistar da kowane kansila yake bayyana kasuwancinsa da kadarorinsa, a buɗe take ga kowa. Duba ta tukuna.

5. Nemi bayanai a hukumance

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma nan zan daɗe.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2000, wadda ake taƙaitawa FOI, ta ba kowa damar tambaya, ko ɗan ƙasa ko baƙo, ko ma ba a Ingila yake zaune ba. Sharuɗɗan uku ne: a rubuce, da sunanka na gaskiya, da adireshin da za a amsa maka, imel ya isa. Ba sai ka faɗi dalili ba. Suna da kwanaki 20 na aiki su amsa. Ranar da ka aika, ƙirga ka sa alama a kalanda, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

Akwai 'yar uwarta, Ƙa'idojin Bayanan Muhalli na 2004. Duk abin da ya shafi ƙasa, ruwa, bishiyoyi, namun daji ko gurɓata, ƙarƙashinta yake faɗawa, wato yawancin maganar gandu ke nan. Ta fi karkata ga a ba da bayani, sai dai tana ba su damar ƙara wa'adi zuwa kwanaki 40 in abin yana da yawa da sarƙaƙiya. Ba sai ka wahalar da kanka wajen zaɓe ba. Rubuta cewa kana nema a ƙarƙashin duk wadda ta dace cikin biyun.

Babban kuskure shi ne tambayar dalili. Doka ta ba ka abin da yake a rubuce ne, ba ta tilasta wa kowa ya zauna ya yi maka bayani ba. Wasiƙata ta farko cewa na yi: me ya sa kuka bar banɗaki a rufe, ba kwa tausayin mata da yara? Amsar da ta dawo layi uku ce mai ladabi, babu komai a cikinta. Ta biyu sai na canza salo, na nemi abubuwa uku: kwafin duk rahoton da injiniya ko mai duba gini ya rubuta a kan banɗakin daga wata kaza zuwa wata kaza, duk ƙiyasin kuɗin gyara da aka karɓa, da jimillar kuɗin ajiye mota da gandun ya tara a kowace shekara cikin shekaru 3 da suka wuce. Sai ga rahoto ya fito. Ashe bututun magudana ne ya karye, kuma ƙiyasin gyaran ya daɗe a ofis.

Gargaɗi kan faɗin tambaya: in neman bayanin zai ci musu fiye da fam 450, wato awa 18 a kan fam 25 kowace awa, suna da ikon ƙi. Wanda ya ce a ba shi duk imel ɗin da ya ambaci gandun cikin shekaru 10 ya ba su hanyar kuɓuta da kansa. Ƙayyade lokaci, ƙayyade sashe, ƙayyade irin takarda. Kuma kada ka yayyanka babbar tambaya ka aika kashi-kashi a mako ɗaya, suna iya haɗa su su ƙirga wuri ɗaya. In sun ƙi saboda kuɗi, doka ta ɗora musu nauyin ba ka shawarar yadda za ka rage, nemi shawarar.

Kana iya aikawa kai tsaye ga imel ɗin hukumar, ko ta WhatDoTheyKnow, shafin intanet na aika irin wannan tambaya. Na fi son na biyun domin yana ƙirga maka kwanaki, kuma kana iya ganin ko wani ya riga ya yi tambayar. Amma a sani: duk abin da ka rubuta a can, har da sunanka, duniya za ta gani. Kada ka sa lambar waya ko labarin iyalinka.

In sun hana, dole su faɗi sashen da suka dogara da shi. Wanda aka fi ji a maganar kwangila shi ne sashe na 43, sirrin kasuwanci. Ba ƙarshen magana ba ne, domin sai sun auna shi da maslahar jama'a. Rubuta ka nemi a sake duba hukuncin a cikin gida, kada ka bari kwanaki 40 na aiki su wuce. In nan ma ba ta ɓulle ba, sai ofishin Kwamishinan Bayanai, ICO, kyauta ne, sai dai akwai layi, kuma ba sa son a zo musu a makare. Mutanen Sheffield da suka yi ta fama da hukumarsu kan sare bishiyoyin titi, ta wannan hanya aka fito da adadin bishiyoyi 17,500 da ke rubuce a cikin kwangilar. Binciken da Sir Mark Lowcock ya jagoranta kan rikicin bishiyoyin ya fito a watan Maris na 2023, hukumar kuma ta nemi afuwar jama'a.

6. Yi tambaya a zaman majalisa

Zaman majalisa da na kwamitoci a buɗe suke, kuma tun 2014 kana da ikon ɗaukar hoto ko murya. Damar yin tambaya kuwa kowace hukuma da nata tsari, yana cikin kundin tsarin mulkinta. Galibi sai ka aika tambayar a rubuce 'yan kwanaki kafin zaman, a ba ka 'yan mintoci. Kira sashen da ke shirya tarurruka ka tambayi ranar rufe karɓa.

Tambaya ɗaya, mai adadi a ciki, wadda ba za a iya amsa ta da dogon Turanci ba. In ana ba da damar tambaya ta biyu, shirya ta tun daga gida, ita ce ba su gani ba. Ku je da yawa. Mu goma sha wani abu muka je, har da wata dattijuwa da ta ce ita dai ta zo ne ta ga masu rufe wa tsofaffi banɗaki, ta zauna a layin gaba ta kafa musu ido har aka tashi.

Kwamitin sa ido ya fi babban zama amfani, domin aikinsa ke nan bin diddigin masu zartarwa, kuma 'yan adawa suna ciki. Roƙi kansila ya sa maganar a ajandarsa.

Gargaɗi: in aka zo wani sashe aka ce jama'a su fita, ba wulaƙanci ba ne, doka ta yarda a tattauna wasu abubuwa a asirce, kamar farashin ciniki. Rubuta sakin layin da suka ambata, za ka buƙace shi in za ka ƙalubalanta. Sannan maganar kuɗi tana da lokacinta. Shekarar kuɗinsu daga 1 ga Afrilu take zuwa 31 ga Maris, kasafi kuma yawanci a Fabrairu ake amincewa da shi. Mai son a sa gyara a kasafi tun kaka zai fara, ba a fafe gora ranar tafiya.

7. Duba littattafan kuɗi da idonka

Wannan dama ta fi FOI ƙarfi, kuma ba kasafai ake amfani da ita ba. Dokar binciken kuɗin ƙananan hukumomi ta 2014 ta ce kowace shekara a buɗe kwanaki 30 na aiki, wanda a cikinsu mai ruwa da tsaki ko ɗan jarida zai iya duba asusun shekarar da ta ƙare da duk takardun da ke bayansa: kwangiloli, takardun neman biya, bauca da rasit, ya kuma kwafa. Babu iyakar fam 450 a nan. Yawanci da bazara ake buɗewa. Ranakun suna cikin wata sanarwa da ake sawa a shafin hukumar, sau da yawa a lungun da ba mai leƙawa, saboda haka fara dubawa tun watan Mayu.

Yi amfani da jadawalin mataki na 3. Ware kuɗaɗen da suka shafi gandun, ka aika wa jami'in da aka ambata a sanarwar jerin lambobinsu tun ranar farko, ka ce kana son ganin takardar neman biya da kwangilar kowanne. Sai ka gwada da hotunanka: an biya kuɗin yankan ciyawa sau kaza, an yanka? Za su rufe bayanan albashi da na mutane, suna iya rufe wani abu da sunan sirrin kasuwanci. Takardun shekarar da ake bincike kaɗai za a ba ka.

A cikin kwanakin nan 30 ne kuma ake iya yi wa odita na waje tambaya, ko a shigar da ƙin amincewa a rubuce, a aika wa hukumar kwafi. Wannan kam sai wanda sunansa yake rajistar zaɓen yankin. Ga inda abin ya shafe mu: ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru mai izinin zama yana iya yin rajista, saboda ƙasashen suna cikin ƙungiyar Commonwealth. Ɗan Nijar ko Chadi ko Sudan da bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, ba ya iyawa a Ingila. In kuna aiki a ƙungiya, mai rajista shi zai sa hannu.

Gargaɗi: odita ba ya sauraron "ban ji daɗin yadda aka kashe ba". Abu biyu yake dubawa, kuɗin da aka kashe ba bisa doka ba, ko lamarin da ya kai a fitar da rahoto don maslahar jama'a. Kuɗin aikinsa kuma daga asusun hukumar yake fita, wato daga harajinku. Kada a tayar da shi a kan abin da wasiƙa za ta warware.

8. In maganar sayar da fili ce

Ajiye sauran matakan, wannan ba ya jira. Sashe na 123 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya ce kafin a sayar da filin shaƙatawar jama'a, ko a ba da shi haya, sai an yi cigiya a jaridar yankin makonni 2 a jere, kuma a duba ƙorafin da ya shigo. Cigiyar ƙarama ce, can shafukan baya take maƙalewa. A sa mutum ɗaya ya riƙa duba ta kowane mako, a kuma aika ƙorafi a rubuce kafin ranar da aka yanka.

Wannan sharaɗi ba ado ba ne. A Shrewsbury majalisar gari ta sayar da wani yanki na filin wasan Greenfields a 2017 ba tare da cigiyar ba. Wani mazaunin garin, Dokta Peter Day, ya bi maganar har Kotun Ƙoli, wadda a watan Maris na 2023 ta soke izinin gina gidajen da aka bayar a wurin.

Wata doka ta 2011, Localism Act, ta kuma ba da damar mutum 21 masu rajistar zaɓe su nemi a sa wuri a jerin kadarorin da al'umma ke amfana da su. Hukuma tana da makonni 8 ta yanke hukunci. A yi wannan tun ana zaman lafiya, kafin a ji maganar ciniki.

9. Ƙorafi, sannan Ombudsman

In an yi maka alkawari an saɓa, ko an ƙi bin ƙa'idar da suka rubuta da kansu, shigar da ƙorafi ta tsarin hukumar, ka rubuta a sama ƙarara cewa ƙorafi ne a hukumance, in ba haka ba za a ɗauke shi a matsayin tsokaci. Yawanci hawa biyu ne. In ka gama su, ko aka daɗe shiru ba amsa, sai ofishin Ombudsman mai sauraron koke kan ƙananan hukumomi. Kyauta ne, amma a kai cikin watanni 12 da sanin matsalar.

Ombudsman yana duba kuskure a hanyar da aka bi, ba ya canza shawarar da aka yanke bisa ƙa'ida don kawai ba ta yi maka daɗi ba. Yana son ya ga cutarwar da ta same ka kai da kanka: mai keken guragu da aka toshe wa hanyar shiga yana da magana, mai jin haushin tsadar fakin da ta shafi kowa da wuya a saurare shi. Ƙananan majalisun gari da ƙauye kuma ba sa ƙarƙashinsa.

Abin da ya rage bayan nan kotu ce, neman alƙali ya duba halaccin shawarar. Wa'adin watanni 3 ne, makonni 6 in izinin gini ne, kuma jiran amsar ƙorafi ba ya tsayar da ƙirgen. Ko a shari'ar muhalli da aka ƙayyade abin da za ka biya ɗaya ɓangaren in ka faɗi, fam 5,000 ne ga mutum ɗaya, 10,000 ga ƙungiya, ban da kuɗin naka lauyan. Shiga wannan kai kaɗai ɗaukar Dala ba gammo ne. In kun ga alamar can za a je, ku ga lauya tun a makon farko da aka yanke shawarar, ku tafi masa da jakar takardun nan a jere bisa kwanan wata.